Daga Gasar Zariya Zuwa Gasar Cikin Waya

A shekarar 1933, wani Baturen ilimi mai suna Rupert East ya tashi daga ofishinsa na Hukumar Talifi da ke Zariya, ya shiga bin manyan garuruwan Arewa yana neman abin da babu shi a lokacin: littafin ƙagaggen labari cikin Hausar boko. Makarantu sun fara yaye yara masu iya karatu, amma babu abin da za a miƙa musu su karanta don nishaɗi. Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce gasa. Kowa ya rubuto nasa, a zaɓi na zaɓa, a buga.

Abin bai zo da sauƙi ba. Malaman wancan zamani sun saba da waƙar wa'azi da tarihi da fiƙihu. A wurinsu alƙalami ya fi ƙarfin tatsuniya, wadda ta tsofaffin mata da yara ce bayan an ci tuwon dare. Sai da aka haɗa da lallashi. Amma da rubuce-rubucen suka iso Zariya, sai ga shi an yi gam da katar. Wani matashin malamin Makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ɗan shekara 22, ya aiko da Ruwan Bagaja. Yayansa, Malam Bello Kagara, ya aiko da Ganɗoki. Daga Bauchi aka samu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin bai san wata rana zai zama Firayim Ministan Najeriya ba. Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, shi kuma East ya haɗa hannu da John Tafida suka fitar da Jiki Magayi.

Littattafai biyar kenan, kuma har gobe a kansu ake ɗora harsashin ƙagaggen labarin Hausa. Gasar ce ta haska Imam, aka ɗauko shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, kafin a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda duk ke ganin gasar rubutu wasan yara ce, ya dubi wannan.

Sai dai dukkan su maza ne, 'yan boko na farko. An shafe sama da shekara 40 kafin wata gasa ta buɗe ƙofa ga mace. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin NNPC na Zariya, mai buga littattafai, ya shirya tasa. Sulaiman Ibrahim Katsina ya zo na ɗaya da Mallakin Zuciyata, amma littafin da ya fi barin tarihi shi ne na biyu, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, 'yar Kano, wanda ya fito a 1980. Ita ake lissafawa a matsayin mace ta farko da aka buga wa littafin ƙagaggen labari da Hausa. Shekara biyu bayan haka gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare.

Daga nan marubuta suka daina jiran a kira gasa. Da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, suka zama sunaye a kowane gida. Wasu masana suka laƙaba wa wannan guguwa Adabin Kasuwar Kano, suna ƙorafin rashin inganci, amma masu karatu ba su saurare su ba.

A wannan zamanin ne garuruwa irin su Wudil suka shiga labarin da kyau. Wudil na bakin kogi, kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma kasuwarta ta ranar Juma'a, wadda ta yi suna da karar shanu, tana tara mutane daga nesa. Abin da ya fito a birni ba ya daɗewa bai iso irin wannan kasuwa ba. Littafi ɗaya sai ya zaga gidaje goma, daga aro zuwa haya, har bangonsa ya yage. 'Yan mata kuwa suna da nasu kundin: littafin rubutu na makaranta da ake kwafe kalaman soyayya da baitocin waƙa a ciki, a ƙawata gefen shafi da biro ja da shuɗi, a liƙa hoton jarumar da aka yanko daga mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999. Ba wanda ya ɗauki waɗannan kundaye a bakin komai, alhali a cikinsu ne marubuta mata da yawa suka fara gwada hannu.

Shekarar 2001 ta zo wa Wudil da abu biyu. Wayar salula ta shigo Najeriya, kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ta fara karatu a garin, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Ɗalibai suka cika gari, shagunan kwamfuta da na cajin waya suka biyo su. Da WhatsApp da Facebook suka zama ruwan dare, wancan kundi na takarda ya koma cikin waya. Yarinya tana ɗakin uwarta za ta rubuta shafi, ta haɗa bangon littafi da manhajar Canva, ta zaɓi launi da salon rubutu, ta tura zauren marubuta kafin ta kwanta. Su kansu zaurukan suna shirya gasa a tsakaninsu: a ba da jigo, a sa wa'adi, a ƙayyade yawan kalmomi, kyautar kuma wani lokaci katin waya ce ko data.

Sashen Hausa na BBC ya fahimci inda iska ke kaɗawa. A 2016 ya ƙaddamar da Hikayata, gasar gajerun labarai da aka keɓe wa mata, ana turo labari ta intanet. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da Sansani, labarin da ya taɓo halin 'yan gudun hijira. A 2017 Maimuna Idris Sani Beli ta karɓa da Bai Kai Zuci Ba, a 2020 kuma Maryam Umar ta yi nasara da Rai Da Cuta, a shekarar annobar korona. A da, East sai da ya bi malamai gari-gari. Yau mata ne ke turo labarai ɗari-ɗari ba tare da an roƙe su ba.

Akwai dai abin damuwa, kuma ba ƙarami ba ne. Ruwan Bagaja ya haura shekara 90 yana hannun mutane saboda an buga shi a takarda, an adana. Labarin da aka rubuta a waya kuwa, ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko aka sace ta, ko aka rushe zauren, shi kenan ya tafi. Wani ma ana yawo da shi an goge sunan mai shi. Gasa tana tuna da mutum uku na sama, sauran ɗaruruwan kuma babu mai tattara su, alhali a cikinsu ne mai bincike na gaba zai ga yadda matasan wannan zamani suke magana, da abin da ke hana su barci.

Garin da ke da jami'ar fasaha bai kamata ya rasa wanda zai ɗauki wannan aiki ba. Ɗaliban kwamfuta na Wudil da ke neman abin da za su yi aikin kammala digiri a kai, ga shi a gabansu: rumbun adana labaran Hausa na intanet, da sunan marubuci da shekarar rubutu, bisa amincewar masu su. Kafin a kai ga haka, ke marubuciya, duk labarin da kika kammala ki sa masa suna da kwanan wata, ki ajiye kwafi a imel, ki kuma je shago a buga miki shi a takarda.