Tarihin Ƙirar Ƙarfe Hawa-hawa a Bututun Ƙarƙashin Teku

Ƙirar ƙarfe hawa-hawa, wadda aka fi sani da bugun 3D, hanya ce ta gina kayan ƙarfe ta narkar da waya ko garin ƙarfe, ana ɗora shi kaɗan-kaɗan bisa zanen kwamfuta, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora yumɓu. Dabarar ta girmi kwamfuta: a 1925 Ralph Baker na kamfanin Westinghouse a Amurka ya samu rajistar gina kayan ado da wutar walda. A tsakiyar shekarun 1990 cibiyar Fraunhofer da ke Aachen a Jamus ta fito da narkar da garin ƙarfe da hasken leza, Jami'ar Cranfield ta Ingila kuma ta inganta hanyar walda da waya, wadda ta fi dacewa da manyan kaya.

Masu ƙera jiragen sama da likitocin ƙashi sun riga masu haƙar mai karɓar fasahar, kuma jinkirin na da dalili. Abin da aka saukar ƙasan teku zai shekara ashirin ko fiye cikin ruwan gishiri da matsin lamba mai tsanani, ga haidurojin da ke kutsawa cikin ƙarfe ya tsaga shi. 'Yar ƙofa guda da ta ɓuya tsakanin hawa biyu ta isa ta jawo malalar mai, gyara kuwa sai an ɗauko hayar jirgi na musamman. Don haka aka daɗe da samun injin kafin a samu wanda zai sa hannu ya ce kayan sun inganta.

A 2017 hukumar Lloyd's Register ta tantance wani sashe na titaniyom da aka ƙera hawa-hawa, wanda kamfanin Safer Plug ya tsara don aiki cikin bututu. Hukumar DNV ta Norway ta fitar da ƙa'idarta ta tantance irin waɗannan kaya, ST-B203, a 2020, Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta biyo da API 20S a 2021. A 2021 ɗin ce kamfanonin Vallourec da Total suka girka wani sashe da aka ƙera ta wannan hanya mai riƙe matsin rijiya, kilo 220, a filin Elgin-Franklin na Tekun Arewa.

Shi bututun kansa har yanzu masana'antar ƙarfe ce ke yin sa, don ya fi araha nesa ba kusa ba. Inda fasahar ta samu gindin zama shi ne mahaɗai, sassan bawul da kayan gyaran da a da sai an yi watanni ana jiran maƙera.