Fijo 404 da Jakin Ƙasar Kano

A ƙasar Dambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta. Taki ne ke rayar da ita. Tun zamanin da, jaki shi ke kai itace birni, ya komo da taki. Cikin motocin da suka raba shi da wannan aiki akwai Peugeot 404, wadda Hausawa suka kira Fijo.

An fito da ita a Faransa cikin 1960. Injinta mai silinda 4 ne, girmansa 1,618 cc, an ɗan kishingiɗe shi, ƙafafun baya kuwa su ke tura ta. Sau 4 ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas, watau 1963, 1966, 1967 da 1968. Cikin 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Fijo a Kaduna, sa'an nan ta yawaita a ƙasar Hausa.

Mai buɗaɗɗen baya ita ce manoma suka fi sani, suna ce mata a-kori-kura. Abin da ya sa ta karɓu shi ne, ba ta da wuyar gyara. Makaniken ƙauye na iya kwance injinta a gindin bishiya, ya sayo kayan gyara a Ƙofar Ruwa, ya mayar. Amma fa ba ta kori jaki ba. Burtalin da ya fi ƙarfin mota nasa ne, kashinsa kuwa taki ne, abin da Fijo ba ta taɓa bai wa gona ba.