Na'urar Kauce wa Karo: Ko Ta Dace da Jiragen Yaƙi?

Tunda aka gina filin jirgin sama na Ahmadu Bello a Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, hawa jirgi ya zama ruwan dare gare mu, musamman alhazanmu. Ga kuma jiragen yaƙi suna tashi daga Kainji, maƙwabtanmu ta kudu. Tunda sama guda suke ratsawa, ya kamata mu tambaya: shin na'urar da ke hana jiragen fasinja yin karo za ta yi wa na yaƙi amfani?

Ita dai wannan na'ura, wadda ake kira TCAS, masifa ce ta haife ta. A 1956 jiragen fasinja biyu suka yi karo a Amurka, mutum 128 suka halaka. A 1971 jirgin yaƙi ya afka wa na fasinja a jihar Kalifoniya, aka rasa mutum 50. Da aka sake yin wani karon a wannan jiha a 1986, sai majalisar Amurka ta yi doka a 1987 cewa lalle a sa wa manyan jiragen fasinja na'urar. Aikinta shi ne ta riƙa tambayar jiragen da ke kusa nisansu da tsayinsu, na'urar shaida da ke jikinsu tana ba ta amsa. In ta ga saura kamar daƙiƙa 30 a haɗu, sai ta ce wa wannan matuƙi ya hau, wancan ya sauko.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana. Ran 7 ga Nuwamba 1996 jirgin kamfanin ADC ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Na'urar ta yi gargaɗi cewa ga wani jirgi nan tafe, matuƙin ya karkata da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya ƙwace masa ya faɗa ruwa a Ejirin. Mutum 144 suka rasu, har da Farfesa Claude Ake. Wato na'urar an yi ta ne don motsi a natse, hawa ko sauka kamar ƙafa 1,500 a minti ɗaya.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Jirgin yaƙi yakan hau dubban ƙafafu cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya juya yadda lissafin na'urar ba zai cim masa ba. Na biyu, kusantar juna ita ce sana'arsa: tafiya a jere fiffike dab da fiffike, shan mai a sama, da tare jirgin da ba a amince da shi ba. Da an sa masa ita, da ba ta daina kururuwa ba, har matuƙi ya daina saurarenta. Na uku, a fagen fama matuƙi yakan kashe na'urar shaida don kada abokan gaba su gano shi. Ku tuna ran 28 ga Satumba 2018, lokacin da jiragen F-7 biyu suka gogi juna a Abuja suna gwajin faretin ranar 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu. Da gangan suke tafiya kusa da juna, kuma ba don irin wannan tafiya aka ƙera na'urar ba.

Amma manyan jiragen soja masu dakon kaya da dakaru, tafiyarsu irin ta na fasinja ce. A Satumba 1997 wani na Jamus da wani na Amurka suka yi karo a gaɓar Namibiya, mutum 33 suka mutu, kuma babu mai na'urar a cikinsu. Waɗannan kam ta dace da su.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da jirgin alhazai ke bukata daga jirgin yaƙi shi ne ya bar na'urar shaidarsa a kunne muddin yana kan hanyar farar hula, ya kuma saurari ma'aikatan hasumiya, don na fasinja ya gan shi tun da nisa ya kauce. 'Yan'uwanmu da ke aikin soja ko aikin filin jirgi, wannan amana tana wuyanku. Allah Ya kiyaye hanya, amin.