Wasannin bidiyo: wa ke tsara kamanninsu, kuma me ya sa wasu ba sa neman kama da gaske?

Duk wanda ya taɓa leƙawa gidan gem a nan Gaya da yamma ya san gardamar. Wani ya ce wasan kaza ya fi, don kana ganin gumi a goshin ɗan ƙwallo. Wani ya ce ai wancan na yara ne, zane ne kawai. Da yake matasa masu bibiyar shirye-shiryenmu sun sha tayar da wannan zance, mun ga ya dace mu ɗan yi bayani a kai.

A kowane babban kamfanin wasa akwai mutum guda da ke shugabantar masu zane. Ba lalle ne shi ya zana komi da hannunsa ba. Aikinsa shi ne yanke shawara: wane launi zai rinjaya, daga ina haske zai fito, yaya fuskokin mutane za su kasance, me ido zai fara gani idan an kunna. Kamar maigidan ɗinki ne da ke da yara goma a kan keke. Kowa na ɗinka nasa, amma shi ke tabbatar da cewa hannun riga bai saɓa wa wuyanta ba.

Hanyoyi biyu ne manya. Akwai mai bin kama da gaske, kamar hoton da aka ɗauka da kyamara. Akwai kuma mai bin salon zane, kamar kawunan da ake zanawa a allon shagon aski ko zakin da ke bayan babbar mota. Kowa ya san ba zaki ba ne na gaske, amma daga nesa ka gane shi.

Wasannin ƙwallo, waɗanda suka fi cika gidajen gem ɗinmu, suna bin hanya ta farko. Kamfanin EA Sports mai FIFA, wanda ya koma suna EA Sports FC a 2023, yana ɗaukar fuskokin ƴan wasa da kyamarori masu yawa a lokaci guda. Domin FIFA 22 har sanya wa ƴan ƙwallo 22 tufafi masu na'urori aka yi, suka buga wasa, aka naɗi motsinsu. To amma wannan hanya tana da tarko. A ƙarshen watan Satumba na 2021, kamfanin Konami na Japan ya fitar da eFootball a madadin PES da muka saba. Ba a kwana ba hotunan fuskar Messi da ta Ronaldo suka bazu a intanet, ido a zazzare, baki a karkace, duniya na ta dariya. Sai da kamfanin ya ba da haƙuri. Tun 1970 wani masani ɗan Japan, Masahiro Mori, ya lura da wannan: idan abu ya yi kusa sosai da kamannin mutum amma bai ida kai wa ba, tsoro ko ƙyama yake sa wa. Ɗan kuskure kaɗan a ido ya isa.

Salon zane bai cika faɗawa wannan rami ba. Minecraft, da wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ya fara a 2009, komi nasa tubali ne mai kusurwa huɗu, har rana da saniya. A 2023 aka sanar cewa an sayar da shi sama da miliyan 300. Haka Zelda: The Wind Waker na Nintendo, da ya fito a 2002 mutane da yawa sun raina shi, wai ya yi kama da katun. Yau idan ka kunna shi bai tsufa ba, alhali wasannin ƙwallon wannan shekara, da a lokacin muke cewa kamar a talabijin, yanzu fuskokinsu sai ka ce an sassaƙa da gatari.

Kar a ɗauka cewa mai bin kama da gaske ba shi da zaɓi, wai kwafar duniya kawai yake. A nan ne ni a ganina aikin shugaban masu zane ya fi nauyi, kuma ya fi shafar mu. Dubi yadda ake nuna Afirka. Far Cry 2 na 2008 an kafa labarinsa a wata ƙasar Afirka marar suna, cike da yaƙi da zazzabin cizon sauro. Resident Evil 5 na 2009 ya ƙirƙiro wani gari Kijuju, inda Bature ke harbin baƙaƙen fata da cuta ta haukata, kuma ya sha suka a kan haka tun kafin fitowarsa. Duka biyun ƙura ce da launin ƙasa-ƙasa suka mamaye su. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ce haka nahiyar take, tunda hoton kamar na gaske ne. Ina ma ya ga bakin kogin Kwara da damina, ko gonakin shinkafa da rake na yankinmu. Wannan launin toka wani ne ya zauna a ofis ya zaɓe shi.

Sai maganar aljihu. Wasa mai kama da gaske yana cin wuri a waya, yana cin data, yana zuƙe caji, wayar ta yi zafi kamar garwashi. Abin da ya sa Free Fire na kamfanin Garena, da ya fito a 2017, ya samu shiga a ƙasashe irin namu ke nan: an rage nauyin hotunansa da gangan, mutum 50 ke shiga fili maimakon 100 na PUBG, kuma ƙaramar waya na ɗaukarsa. Masu manyan wayoyi sai a 2021 aka yi musu Free Fire Max. Saboda haka kafin matashi ya saye data ya sauke wasa don ya ga tallarsa ta yi kyau, ya fara duba ƙarfin wayarsa. Hoton talla sau da yawa ba shi ne zai gani a allonsa ba.

Masu ƙirƙirar wasa a Afirka ma galibi salon zane suka kama, don kama da gaske na buƙatar ɗaruruwan ma'aikata da kuɗin da ba su da shi. A Kamaru, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, zane ne mai launi da tufafi irin na gida. A Legas akwai Maliyo Games masu yin wasannin waya. Mu ma a Nijar muna da namu: Mahaman Sani Housseyni Issa ya haɗa Les Héros du Sahel a Yamai, da jaruminsa Shamsou mai samun ƙarfi daga hasken rana, wanda tun farko a littafin zane ya fara ƙirƙiro shi kafin ya mai da shi wasa.