Kisan Kuskure a Dawa da Alhakin Ɗan Sanda: Waiwaye Daga Ƙasar Malumfashi

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi tarihin tambaya guda: idan makami ya sami mutumin da ba shi aka nufa ba, wa zai ɗauki jininsa? Za mu fara da maharbi, gama a wurinsa malaman fiƙihu suka fi samun misalin kisan kuskure, sa'an nan mu gangaro ga ɗan doka da ɗan sanda.

I. Farauta da haɗarinta

Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, ƙasar noma ce, ita da Funtuwa maƙwabciyarta. Amma idan an kai amfani gida, rani ya shiga, ciyawa ta bushe, sai a koma dawa. Farauta iri biyu ce. Akwai ta gayya, wadda samarin garuruwa da yawa ke fita da karnuka da kere da barandami, ana kiɗa ana kirari. Akwai kuma ta maharbi, mai fita shi kaɗai da kwari da baka, ko da bindigar toka, ƙarƙashin Sarkin Baka. Kowace da irin haɗarinta. A ta gayya, keren da aka jefi zomo da shi ya kan sami ƙafar mutum. A ta maharbi kuwa abin ya fi muni, domin wani ya kan ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe cikin ciyawa don kada nama ya gane shi, alhali kuwa wani maharbin na laɓe yana jiran motsi.

II. Hukuncin malamai

Alƙalan ƙasar Katsina da littattafan Malikiyya su ke hukunci, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu. A wurinsu wanda ya harbi nama ya sami mutum ya yi kisan kuskure. Ba a kashe shi, amma jinin ba ya faɗuwa banza. Sai a biya diyya, raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, shi kuma ya yi kaffara. Abin lura a nan shi ne, ba a ɗora wa mai harbin diyyar shi kaɗai. Aƙilarsa ke biya, watau jama'ar da ke tsaya masa, a rarraba musu cikin shekara uku.

To, su wane ne aƙila? Halilu ya jera su. Idan mutum yana cikin diwani, watau littafin da hukuma ke rubuta mayaƙan da ta ke ba rabo, to abokan diwaninsa ne farkon masu biya. Bayansu sai dangi na wajen uba, daga ƙarshe kuma baitulmali. Ma'anar wannan a fili ta ke: wanda ya ɗauki makami da sunan hukuma, kuskurensa na rundunarsa ne, in ta gaza ya koma kan taskar jama'a. Malamai sukan kafa hujja da labarin Banu Jazima, waɗanda rundunar Halidu ɗan Walidu ta kashe bisa kuskuren fahimta, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aiki Sayyidina Aliyu ya biya diyyarsu.

III. Zuwan Turawa

Katsina ta shiga hannun Turawa a 1903. Suka bar alƙalai da majalisar Sarki suna shari'ar jini, sai dai ba a zartar da kisa sai Gwamna ya sa hannu. Daga dogarai aka fitar da 'yan dokan En'e, a 1929 kuma Sarki Muhammadu Dikko ya ɗora ɗansa Usman Nagogo a kansu. Ɗan doka kulki ya ke riƙewa. Bindiga tana hannun 'yan sandan Gwamnati, su kuwa ba a gaban alƙali su ke amsa ƙara ba.

Dokoki biyu suka kāre su. Ta farko al'adar Ingila ce ta dā, cewa ba a ƙarar Sarki a kan ɓarnar baransa. Ingila da kanta ta soke wannan a 1947, amma a Nijeriya ya zauna har zuwan tsarin mulkin 1979. Shi ya sa a 1985 Kotun Ƙoli ta ƙi ɗora wa Gwamnati alhakin ƙone gidan iyalin Ransome-Kuti da sojoji suka yi a Ikko a 1977. Ta biyu ita ce dokar kāre ma'aikatan hukuma ta 1916, wadda ta ce mai ƙarar ma'aikaci a kan aikinsa sai ya kai ƙara cikin wata uku. A duba fa: manomin da aka harbe masa ɗa da damina, kafin ya gama zaman makoki, ya cire amfanin gona, ya sayar da auduga ya sami kuɗin lauya, wa'adi ya wuce. Watau dai an ba ma'aikaci bindiga, an kuma raba shi da aƙila.

IV. Final Kod

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Daga shawararsu aka yi Final Kod a 1959, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Wanda ya riƙe Ministan Shari'a na Arewa daga 1961 zuwa 1966, sa'ad da dokar ke kafuwa, shi ne Mamman Nasir, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya kuma zama Galadiman Katsina a Malumfashi daga 1992 har rasuwarsa a 2019.

Wannan doka ta sāke tambayar. Sashe na 48 ya ce abin da ya auku bisa tsautsayi, cikin aikin halal, tare da kulawar da ta kamata, ba laifi ba ne. Sashe na 222 ya ce kisan ganganci ko sakaci laifi ne, amma ba na kisa ba, haka kuma ma'aikacin da ya wuce iyakar ikonsa da kyakkyawar niyya. Sashe na 78 ya yarda kotu ta sa a biya wanda aka cuta, amma sai an sami mutum da laifi tukuna. Alƙalin dā cewa ya ke yi, an zubar da jini, wa zai biya? Jojin Final Kod kuwa cewa ya ke yi, shin mai harbin ya yi sakaci? In bai yi ba, a sallame shi, magada su koma gida hannu rabbana.

Ga maharbin ƙauye sauyin bai yi tsanani ba, gama danginsa da na mamaci gari ɗaya su ke, dattawa ba za su bari a rabu ba sulhu ba. Ga ɗan sanda kuwa al'amarin dabam ne. Bayan juyin mulkin 1966 aka haɗe 'yan dokan En'e cikin rundunar Tarayya, Hakimi da Sarki suka rasa iko a kansu. Baƙo ne a gari, ana iya ɗauke shi gobe, kuma abokan aikinsa ne ke binciken maganarsa in ya ce harsashi ne ya kuɓuce masa.

V. Kammalawa

Ba a ce shari'ar dā ba ta da aibi wajen zartarwa ba, gama ko a wancan zamani talaka ba ya ja da dogarin Sarki cikin sauƙi. Amma ƙa'idarta ta raba abu biyu da dokar Turawa ta haɗe: horon mai laifi, da haƙƙin magada. Na farko yana bukatar a tabbatar da sakaci, na biyu kuwa gawa kaɗai ta ishe shi hujja. Ko da Jihar Katsina ta komo da hukuncin diyya a kotunan Shari'a bayan shekara ta 2000, ɗan sanda ma'aikacin Tarayya ne, diwaninsa yana Abuja. Saboda haka aikin da ya rage ga masana shi ne su nuna yadda za a mai da rundunar 'yan sanda aƙilar mutanenta, ta biya jini da farko, sa'an nan ta bi ma'aikacinta da bincike. Allah ya sa mu dace.