Daga Ƙofar Makaranta Zuwa Akwatin Zaɓe

Ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gwaggon Sylvia Mendez ta ja hannun yarinyar da 'yan'uwanta maza, haɗe da nata 'ya'yan, zuwa makarantar firamare a garin Westminster na jihar Kalifoniya. Aka dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan gwaggo masu hasken fata aka ce bismilla. Sylvia kuwa aka ce ta nufi makarantar 'yan Meziko, wani ɗan ginin katako da ke maƙale da makiyayar shanu. Gwaggo ta ce ko duka ko babu, ta kwashe yaranta ta koma gida.

Mahaifin Sylvia, Gonzalo, manomin kayan lambu ne. Shi da wasu magidanta huɗu suka kai ƙara a 1945, suka yi nasara a 1946, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1947, shekara bakwai kafin Kotun Ƙolin Amurka ta haramta ware yara a makarantun ƙasar baki ɗaya. Sylvia ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya.

A wancan zamanin ƙarfin 'yan Meziko ake nema, ba ƙuri'arsu ba. Daga 1942 zuwa 1964, shirin Bracero ya riƙa shigo da 'yan ƙwadago su girbe auduga, su tsinki tumatir, kaka ta wuce su koma. Waɗanda ke da takardar zama 'yan ƙasa ma, a Tekzas sai sun biya harajin jefa ƙuri'a, har zuwa 1966. Talakan da ke fama da abin sawa a baki, ina ya ga rarar biyan wannan?

'Ya'yansu ne suka ƙi haƙura. A watan Maris na 1968, dubban ɗalibai suka fice daga azuzuwa a gabashin Los Anjelas, suna ƙorafin ana tura su koyon aikin hannu maimakon a shirya su shiga jami'a. A 1974 Willie Velásquez ya kafa ƙungiyar yi wa masu zaɓe rajista a San Antoniyo, ana bi gida gida. Shekara ɗaya bayan haka, doka ta wajabta samar da takardun zaɓe cikin Sifaniyanci a wuraren da masu jin harshen suke da yawa.

Alex Padilla ɗan wannan tafiya ne. Mahaifinsa kuku ne, mahaifiyarsa tana aikatau a gidajen mutane, dukansu daga Meziko. Ya kammala karatun injiniya a jami'ar MIT a 1994, shekarar da masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ƙudurin doka mai lamba 187, wanda ya nemi hana marasa takardu makarantun gwamnati. Zafin abin ya ja shi siyasa, kamar yadda ya ingiza ɗimbin baƙi neman takardar zama 'yan ƙasa. A 2021 ya zama sanata.

Sai dai jikokin ba su bi layi ɗaya ba. Wanda aka haifa a Amurka, Turanci ya kama bakinsa, ya buɗe shago ko ya sami aiki a rijiyoyin mai, yakan auna ɗan takara da farashin kaya da albashi da aƙidar cocinsa. Ƙaramar hukumar Starr da ke bakin iyakar Tekzas, inda fiye da kashi 95 cikin ɗari 'yan asalin Latin Amurka ne, ta ba Hillary Clinton kusan kashi 79 a 2016. A 2024 Donald Trump ne ya lashe ta, karo na farko da ɗan Rifablikan ya yi hakan cikin fiye da shekara 120.