Yadda Tara Kan Sarki Ya Kama Yara da Sarakuna

Ranar 6 ga Mayun 1840 aka fara aiki da kan sarki a Ingila. Kafin nan yawanci wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biyan kuɗin kawo ta, gwargwadon nisa da yawan takardu, shi ya sa talaka kan ga wasiƙar ɗan'uwansa ya ce a mayar. Wani tsohon malamin makaranta, Rowland Hill, ya ba da shawara a juya abin: mai aikawa ya biya kwabo ɗaya, a manna wa wasiƙarsa 'yar baƙar takarda mai hoton Sarauniya Victoria. Ita ce Penny Black, kuma an buga sama da miliyan 68. Da ma'aikacin gidan waya ya doka mata hatimi, amfaninta ya ƙare.

Amma mutane ba su yarda ya ƙare ba. A 1841 wata budurwa ta sa talla a jaridar The Times ta Landan tana roƙon a taimaka mata da tsofaffin kan sarki. Ta riga ta tara 16,000, so take ta lulluɓe bangon ɗakinta da su. Ita yawa kawai take nema.

Abin ya canza fasali da ƙasashe suka shiga buga nasu. A 1862 Justin Lallier ya fitar da littafin adana kan sarki a Paris, kowace ƙasa da shafinta, kowane kan sarki da gurbinsa. Wannan gurbin, in an duba da kyau, shi ne asirin harkar duka. Mutum ya cike gurbi tara, na goma yana nan fari fat, ba zai samu sukuni ba sai ya toshe shi, kamar mai giɓi da harshensa ba ya barin wurin. Babu wanda cutar ta kama irin Philipp von Ferrary, magajin wata gawurtacciyar dukiya a Paris. Tun yana yaro ya fara, ya ɗauki ma'aikata musamman don su kula masa da tarinsa, kuma burinsa kada a ce akwai kan sarki a duniya da ba shi da shi. Ya rasu a 1917 bayan ya yi wasiyyar a kai tarin gidan tarihin gidan waya na Berlin. Faransa ta ƙwace shi a matsayin diyyar yaƙi, ta yi gwanjonsa kashi-kashi daga 1921. Abin da ya ƙarar da ransa yana haɗawa ya watse cikin 'yan shekaru.

A cikin kayan gwanjon akwai wata 'yar jar takarda da ba ta da kyan gani ko kaɗan: ta yi dauɗa, an datse kusurwoyinta huɗu, hoton jirgin ruwan da ke jikinta da ƙyar ake gane shi. A 1856 aka buga ta a wata maɗaba'ar jarida ta Georgetown, a ƙasar Guyana ta yau, saboda kan sarkin da ake jira daga Ingila bai iso da yawa ba. Wani yaro ɗan shekara 12, Vernon Vaughan, ya tsince ta cikin takardun danginsa a 1873, ya sayar da ita sule shida don ya sayi wasu da suka fi burge shi. Har yau ba a ga ta biyu ba. A 1980 an saye ta dala 935,000, a 2014 kuma kusan dala miliyan tara da rabi.

Irin waɗannan alƙaluma ne suka sa ake zaton kuɗi ke jan masu tarawa. Kuɗi na ciki, amma shi ne dalili mafi rauni. Attajirin da ya saye ta a 2014, Stuart Weitzman, da ya mayar da ita kasuwa a 2021 dala miliyan 8.3 ta yi, faɗuwa ya yi. Yawancin abin da mutane ke ajiyewa kuwa ko kuɗin littafin da aka jera su ciki ba za su mayar ba.

Manyan da ba su rasa komai ba hutun rai suke nema. Sarki George na Biyar, wanda tun yana yarima ya biya fam 1,450 a 1904 a kan shuɗin kan sarkin tsibirin Mauritius guda ɗaya tak, yakan keɓe yammaci uku a mako in yana Landan, ya shige ɗakin tarinsa, har a tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Franklin Roosevelt na Amurka ya fara tun yana yaro, amma sai da shan inna ya kwantar da shi a 1921 abin ya zame masa abokin jinya. Yana shugaban ƙasa ma bai daina zama da madubin ƙara girma da ɗan hantsaki ba, yana jera su kafin ya kwanta. Wanda ya wuni da rigimar da ba ta da iyaka, a wannan shafin ne kaɗai komai ke zama inda ya ajiye shi.

Yaro kuwa duniya yake leƙawa, kuma wannan ne dalili mafi daraja. Daga kusurwar ambulan yara da yawa suka fara sanin sunayen ƙasashe da kuɗinsu da tsuntsayensu. Har tarihin gida yana ciki. Arewacin Najeriya ta yi nata kan sarkin daga 1900 zuwa haɗewar 1914, ciki har da na fam 25 da aka fitar a 1904, wanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo saboda ƙarancinsa. Jerin da Najeriya ta fitar a 1953 ya ɗauko mahayan Barno, da gyaɗa, da haƙar kuza, da gadar Jebba, wato abin da ƙasar ke tinƙaho da shi a lokacin. A 1968 Biyafara ta doka sunanta a kan na Najeriya ta ci gaba da aika wasiƙu.

Yanzu da waya ta kashe rubuta wasiƙa, irin waɗannan ambulan na nan jibge a tsofaffin akwatunan gidaje, gara na ci. Masu harkar sun fi son a bar kan sarkin a jikin ambulan ɗinsa, domin hatimin da ke kai yana nuna garin da wasiƙar ta fito da ranar da aka aika ta.